Wa Ya Riga Faɗuwa A Mashigin Marke

A zamanin Sarki Dambo, lokacin da Birnin Dargaza ke da ganuwar da dawaki za su jera a kanta, babu gidan da ake ambata bayan gidan sarauta sai na Madawaki Nomau. Shi ke riƙe da yaƙin ƙasar, abin da ya tara kuwa ya fi ƙarfin baki: gandaye tun daga gindin ganuwa har bakin gulbi, da rumbuna, da garken shanu, da barga cike da dawaki, da sulke da lifidi na ƙashin kansa, ba na sarauta ba. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa kuwa biyu ne rak, duka maza. Babban shi ne Barde Jatau, wanda ke hawa yaƙi tare da shi. Ƙaramin shi ne Barmo, wanda bai taɓa jin ƙarar kibiya kusa da kunnensa ba, amma in ana maganar abin da ke cikin rumbu, to, kowa ya matsa ya ba shi wuri.

A ƙarshen daminar wata shekara Gungurmawa, maƙwabtan Dargaza na kudu, suka kawo hari, aka tare su a Mashigin Marke, inda ake ƙetare gulbi. An kore su, amma kora ce wadda ba a yi mata guɗa ba, domin Madawaki da ɗansa Barde duk a can suka kwanta. Wanda ya ɗauko gawawwakin shi ne Jarmai Tankari, aminin Barde tun ranar da wanzami ya yi musu shayi tare. A ƙofar gari Sarki ya tare shi, da hakimai da talakawa maƙil, ya tambaye shi yadda mazan suka faɗi. Jarmai ya dubi jama'a, ya ce an auno tsoho da mashi, Barde ya shiga tsakani ya tare da ƙirjinsa, ya faɗi nan take, shi kuma tsoho ya yi ta fama a kan gawar ɗansa har aka kashe shi.

Ƙarya ce. Tsoho ne ya fara faɗuwa, Barde kuwa da ya ga haka sai zuciyarsa ta karye, ya juya doki, mashi ya cim masa ta baya a bakin ruwa. A cikin dogayen ciyayin gulbi abin ya faru, waɗanda ke kusa duk sun mutu, Jarmai kaɗai ya gani. Shi ya yi wa amininsa wanka da hannunsa, ya ce alkawari ne tsakaninsu, bai bar kowa ya shiga ba. A ganinsa ya rufa wa mamaci asiri ne, kuma Allah ya sani don ƙauna ya yi.

Kafin a share makoki Barmo ya kira Sankira, shugaban maroƙan fada, ya ba shi doki da riga, ya ce a yi wa yayansa waƙar da ba a taɓa yi wa namiji ba. Aka kuwa yi. Mata suna daka da ita, masu noma suna huɗa da ita, duk inda ka juya Barde ne wanda ya riga ubansa kwanciya. Jarmai har hawaye ya yi, yana cewa ashe Barmo yana son ɗan'uwansa haka. Kaico, mutum ya iya mashi da takobi amma bai san inda ake yanka ba wuƙa ba.

Dokar Dargaza ita ce, gadon talaka alƙali ke raba shi a zaurensa, amma gadon mai sarauta sai a gaban Sarki a cikin majalisa. A fara ware kayan sarauta su koma fada, a fitar da ushirar Sarki, sannan a ba magada nasu. Ranar da aka fara zama a kan gadon Madawaki, Jarmai ya je ne kawai don ya ji rabon da zai faɗa wa Bagudu, ɗan da Barde ya bari, jariri ne ko yaye ba a yi masa ba. Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce shi ba shi da abin cewa, duk duniya ta ji yadda yayansa ya yi, Alƙali ya yi aikinsa. Alƙali Mudi, tsoho ne mai sanyin murya, ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce ɗan da ya riga ubansa mutuwa ba ya gadonsa, ko da numfashi ɗaya ya riga shi, jika kuma ba ya gado matuƙar akwai ɗa namiji a raye. In da uban ne ya riga, da rabin dukiya ya zama na Barde, daga shi ya gangaro kan ɗansa. Amma tunda Barde ne ya riga, komai na Barmo ne, daga gandu har akushi. Aka ɗage zaman zuwa gobe don a ware kayan sarauta.

Barde ba shi da komai nasa, a gandun ubansa yake ci, dokin da ya mutu a kai ma na uban ne. Sai yanzu Jarmai ya gane abin da aka sayi waƙar nan dominsa. Da bakinsa, a gaban Sarki, ya tsiyata ɗan amininsa, ya miƙa shi ga mutumin da ko ɓeran rumbunsa yana jin ciwon abin da ya ci.

Daga fada bai zame ko'ina ba sai sashen Shekara, matar Barde, wadda ke cikin takaba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ita tana daga ciki bayan asabari, ana jin jaririn yana tsotso. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi gaisuwa ya sake gaisuwa, har ta gaji ta ce masa in gadon ne ya kawo shi, labari ya riga shi isowa, kuma Barmo ya aiko cewa in ta fita takaba ta nemi gidan ubanta, yaro kuwa za a ga yadda za a yi da shi. Jarmai ya ce akwai abin da in ya faɗa a majalisa yaro zai sami rabinsa, amma sunan uban yaron zai zube, zubewar da ba a kwashewa.

Ta ce, "Jarmai, kada ka wahalar da kanka. Kai ka wanke jikinsa, ni na wanke rigarsa. Gabanta lafiya lau yake, a baya take da huda."

Jarmai ya sunkuyar da kai, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ashe duk kwanakin nan da mata ke zuwa suna rera mata waƙar tana cewa na gode, ta sani. Ya tambaye ta abin da take so ya yi.

Ta ce, "Shi ya tafi, ba abin da zagi zai rage masa. Yaron nan kuwa yanzu ya zo. Je ka faɗa, in ya girma ya tsane mu ni da kai, ya tsane mu yana cikin gidan kakansa."

Da gari ya waye aka tarar fatar tambarin gidan Madawaki ta tsage, ba wanda ya taɓa shi. Tsofaffi suka ce ba alheri ba ne, gidan bai gama biyan abin da ake binsa na rai ba. Barmo ya ce raɓa ce ta jiƙa fatar, a kira baduku.

Majalisa ta cika. Sarki yana bisa karaga, Waziri a dama, Galadima a hagu, Alƙali a kan buzunsa, dogarai a tsaye. Ana shirin karanto kayan sarauta Jarmai ya taso, ya cire takobinsa ya ajiye, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya nemi izinin magana.

"Allah ya ja zamanin Zaki. Abin da na faɗa a ƙofar gari ba haka aka yi ba. Madawaki ne ya fara faɗuwa. Kibiya ta same shi a wuya, na sauka na tallafi kansa, a hannuna ya cika. A lokacin Barde yana kan dokinsa da ransa da lafiyarsa, yana kallonmu. Da ya ga tsoho ya tafi, sai ya juya linzami. A bakin ruwa mashi ya same shi, ta baya ya shiga. Na ɓoye ne don kada a zagi aminina. Ban san da abin da na ɓoye za a yanka ɗansa ba."

Wuri ya rikice gaba ɗaya. Barmo ya kama kuka, kuka na gaske har da majina, yana cewa an kashe masa yaya a Marke, yau kuma an sake kashe shi a gaban Sarki. Galadima, wanda ya san Jarmai tun yana zagi a gaban doki, ya ce a yi hattara, mutum ba ya tozarta amininsa da kansa a banza, wannan magana ta fi ta farko kama da gaskiya, domin ba abin da mai ita zai ci a cikinta sai kunya. Waziri ya ce ba a raba gado da kama. Ya ce ga mutum ɗaya, ga baki ɗaya, ga magana biyu, ko a ƙofar gari ya yi wa Sarki ƙarya ko yau yake yi masa, kowacce aka ɗauka maƙaryaci ne ya faɗe ta. Jarmai ya ce a kawo rigar, tana wurin matar. Galadima ya ƙara da cewa in ta kama a tone kabari. Nan fa aka yi ta musu, wasu na cewa a tone, wasu na cewa wa'iyazu billahi, har Sarki ya ɗaga hannu ya dubi Alƙali.

Alƙali Mudi bai yi gaggawa ba. Ya ce kabari ba za a taɓa shi ba, kuma ko an tone ba abin da zai faɗa, domin rauni da riga suna nuna ta inda mashi ya shiga ne, ba sa nuna wanda ya riga wani. Ya ce a shari'ar dukiya shaida ɗaya adali tare da rantsuwa ya isa, da tun farko Jarmai wannan maganar ya faɗa, da yanzu an gama. Daga nan ya juyo ya dubi Jarmai, kuma duk wanda ke kusa ya ga ba da daɗin rai yake magana ba.

"Jarmai, zuciyata ta gaskata ka, amma ba da zuciya aka ba ni buzun nan ba. Shaidar da mai ita ya ƙaryata da bakinsa ta faɗi, ta farkon da ta biyun duka. Yanzu ba wanda ya san wanda ya riga. Hukuncinsu hukuncin waɗanda jirgi ya kife da su ne, ko ɗaki ya rufta musu: ba wanda zai gaji wani. Dukiyar Madawaki ta ɗansa mai rai ce."

Haka Jarmai ya zubar da sunan amininsa a ƙasa, bai samo wa yaro ko zangarniya ɗaya ba. Ya zauna a inda yake, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Barmo kuwa ya share hawaye da hannun riga, ya faɗi ya yi godiya.

Bai ɗago daga godiyar ba aka ji hayaniya a ƙofar fada. Dogarai suka shigo da manzon Sarkin Ruwan Marke, taɓo har gwiwa, ya zube yana haki. Ya ce Gungurmawa sun komo, sun fi na da yawa, sun sauka a tsallaken gulbi suna jiran ruwa ya ɗan ja, kuma sun ji labarin Dargaza ba ta da Madawaki. Majalisar gado ta koma majalisar yaƙi nan take. Wasu suka ce a rufe ƙofofi a jira su a ganuwa. Galadima ya ce dawa tana gona ba a girbe ba, in aka bar su suka ƙetaro, ba sai sun hau ganuwa ba, yunwa za ta buɗe musu ƙofa. Aka tsaya a kan a tare su a mashigi. Sai tambaya ta taso, wa zai ja gaba.

Waziri ya ce wannan ai ba tambaya ba ce. Dawakin yaƙi da sulke na gidan Madawaki ne, mayaƙan gidan ba sa bin kowa sai mai gidan, mai gidan kuwa ga shi nan yanzu Alƙali ya tabbatar da shi. Galadima ya ce Barmo bai taɓa hawa yaƙi ba. Sarki ya ce wanda ya karɓi rumbun Nomau ya karɓi mashin Nomau, a kawo rawani. Ka ga fuskar Barmo a lokacin, duk lissafin da ya kwana yi bai kai nan ba. Aka naɗa shi, maroƙa na ta kirari, shi kuwa ido ya yi zuru-zuru. Sarki ya juya kan Jarmai, ransa a ɓace, ya ce ya ɓata wa rundunarsa waƙar da take taƙama da ita ana gobe yaƙi, hukuncinsa sai an dawo. Kafin nan ya hau bayan sabon Madawaki, inda ya sa ƙafa nan zai sa.

To, akwai wata al'ada a Dargaza. Duk mai sarautar da zai fita yaƙi, Alƙali yakan faɗi magadansa a gaban majalisa, don kada a yi rigima in bai komo ba. Alƙali ya ce Madawaki Barmo yana da mata, ba shi da ɗa, ba uba, ba ɗan'uwa. In ta Allah ta kasance, matarsa ta ɗauki rubu'i, sauran duka na ɗan yayansa ne, Bagudu ɗan Barde. Bai rufe baki ba idon kowa ya koma kan Jarmai, na Barmo ya riga na kowa. Barmo ya yi wuf ya ce zai yi wasiyya, in ya mutu a ba baitulmali dukiyarsa. Alƙali ya ce wasiyya ba ta wuce sulusi. Barmo ya ce to kyauta ya yi, yanzu, da ransa. Alƙali ya ce wanda ya sa ƙafa a likkafa zai tafi fagen fama hukuncinsa ɗaya da mai ciwon ajali, kyautarsa ma ba ta wuce sulusi. Sarki ya ce ya isa haka, abokan gaba ba za su jira a gama fatawa ba, a buga tambari.

A hanyar Marke Barmo ya sa barori huɗu a tsakaninsa da Jarmai, yana tafe yana waiwaye. Ya saka sulke, ya ɗora lifidi a kai, har doki yana nishi da shi. Jarmai ya ga duk wannan, gaskiya kuwa ita ce maganar Alƙali ta shiga kansa ta zauna. Ba sai ya ɗaga hannu ba. A yaƙi mutum yakan makara, doki yakan yi gardama, ba mai tuhumar kowa. Ya yi ta korar tunanin yana a'uziyya, tunanin yana komowa.

Da hantsi Gungurmawa suka faɗo ruwa, masu baka a gaba, dakaru da gatura a baya. Mutanen Dargaza suka bari sai da suka kai tsakiya, sannan aka busa ƙaho aka auka musu. Kibau suka yi ta zuba, dawaki na haniniya suna zamewa a taɓo, ruwan bakin gaɓa ya koma ja. A faɗi gaskiya, Barmo bai gudu ba. Tsoron Jarmai a bayansa ya fi masa tsoron abin da ke gabansa, sai ya yi ta kutsawa, har mayaƙan gidan suka fara cewa ashe jinin Nomau bai ƙare ba. A haka ya rabu da barorinsa, ya fita kan wani tudun yashi a bakin gurbi, inda ruwa ke juyawa baƙi ƙirin don zurfi. Nan aka soke dokinsa, ya faɗo, ya miƙe da ƙyar ba takobi a hannu.

Jarmai ne ya fi kowa kusa. Ya hangi wani ƙaton Bagungurme ya fito daga ciyayi a bayan Barmo, gatari a sama, Barmo bai gan shi ba. Hannun Jarmai ya ja linzami, doki ya tsaya. Ya tuna Shekara a bayan asabari, ya tuna tsotson jaririn. In ya ƙara numfashi biyu a tsaye, komai ya ƙare, yaro ya sami gidan kakansa, ba wanda zai ce uffan. Sai ya ji ba zai iya ba. Ɗan Nomau ne wancan, tsohon da ya cika a hannunsa, kuma shi Jarmai an ce ya tsare bayansa. Ya saki linzami, ya zuba wa doki ƙaimi, ya kwantar da mashi yana auna ƙaton, yana ihu Madawaki ya duƙa.

Barmo bai ji ihun ba, abin da ya gani kawai Jarmai ne ya nufo shi a sukwane da mashi a kwance, abin da yake jira tun daga gida. Ya ɗaga hannuwa, ya ja da baya ta gefe, yashi ya zame, ya afka gurbi. Mashin Jarmai ya wuce ta inda yake tsaye ya shiga ƙirjin ƙaton, shi ma ya faɗa ruwa, igiyar ruwa ta ja shi. Jarmai ya diro ya faɗa gurbin, ya yi nutso ya sake yi, amma lifidi ya sha ruwa, sulke ya ja mai shi ƙasa. Ko rawanin bai kama ba.

Mayaƙan gidan da suka ga Madawakinsu ya nutse sai suka haukace, suka yi kan Gungurmawa ba ji ba gani. Kafin azahar an tura maharan cikin zurfi, waɗanda suka tsira suka watsar da makamai suka yi kudu. Dargaza ta ci yaƙi, cin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba. Jarmai kuwa yana fitowa daga ruwa barorin Barmo suka kama shi suka ɗaure.

A majalisa biyu daga cikinsu suka dafa Alƙur'ani suka ce da idonsu suka ga Jarmai ya tsaya, ya duba, sannan ya kwantar da mashi ya kori ubangidansu har cikin gurbi. Ba su yi ƙarya ba, abin da suka gani ke nan, ciyayi sun kare musu ƙaton. Jarmai ya faɗi yadda aka yi, bai rage ba, har tsayawar da ya yi bai ɓoye ba. Waziri ya ce a nuna gawar ƙaton. Babu, ruwa ya tafi da ita. Waziri ya ce to maganar wa za a kama, ta mutumin da majalisar nan ta yar da shaidarsa, wanda kuma kowa ya ji abin da mutuwar Barmo za ta jawo wa ɗan amininsa? Sarki ya ce a kira hauni mai sare kai.

Alƙali Mudi ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, a dakata. Gado biyu ne a gabanmu, a raba su tukuna."

Ya ce na farko dukiya ce. Matar Barmo ta ɗauki rubu'inta, sauran gandaye da rumbuna da barga da gida duk na Bagudu ɗan Barde ne. Mai kisa ne ba ya gado, jariri kuwa bai kashe kowa ba. Galadima zai riƙe masa har ya yi hankali, uwarsa ta zauna a ɗakinta, ba mai tashinta. Jarmai ya rufe ido, wani sanyi ya ratsa shi tun daga kai har ƙafa, ya manta da igiyar da ke hannunsa.

Alƙali ya ci gaba. "Na biyu jini ne. Jinin Barmo ba na Sarki ba ne, ba na majalisa ba ne, na magajinsa ne, shi ma gadonsa ya yi. Shi kaɗai ke da ikon ya ce a kashe, ko ya karɓi diyya, ko ya yafe. Magajin kuwa yana goye. Saboda haka a tsare Jarmai a gidan yari, kada a taɓa shi, har ranar da yaron ya balaga, a kawo shi nan, a gaya masa abin da mutumin nan ya faɗa a kan ubansa da abin da aka gani ya yi wa baffansa, ya yanke da bakinsa."

Kowa a wurin ya san shekarun da ke tsakanin goyo da balaga, kowa kuma ya san irin labarin da yaro zai tashi yana ji a gari. Sarki ya dubi Jarmai, ya ce an ji hukunci, in yana da magana ya yi kafin a fita da shi. Jarmai ya gyara durƙuso, mari yana ƙara a ƙafarsa, ya ɗaga ɗaurarrun hannuwansa.

Ya ce, "Allah ya raya shi."

Majalisa ta amsa da amin, dogarai suka tashe shi.